Kiran da Na Ɗora wa Thaddeus

Ni Angelina ba na son a ce na yi kuskure. Amma wannan dai na tafka shi, kuma saura ƙiris ya cinye sana'ar mijina.

Abin ya faro ne ranar da Zumuntar Mata ta cocinmu ta kai ziyara wani ƙauye a bayan Abaji. Babu mai karatu a cikin matan ƙauyen, sai aka miƙo mini Littafi Mai Tsarki na karanta musu. Da za mu shiga mota, wata tsohuwa da suke kira Iya ta riƙe mini zane ta ce, "'Yata, to wa zai ƙarasa mana?" Na yi dariya na ce Allah zai kawo. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Ina buga takardu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Sai in tsinci kaina na buga layi ɗaya sau biyu. A bas ɗin Kubwa in cunkoso ya tsare mu, ji nake kamar in sauka in kama tafiya da ƙafa, ban ma san ina ba. Abinci ya daina shiga. Na san kira ne, ba ni da shakka. Amma a gidanmu da garinmu ban taɓa ganin an kira matar aure an bar mijinta ba. Sai na yanke wa kaina hukunci: saƙon na mijina Thaddeus ne, ta hannuna kawai ya biyo.

Thaddeus mai walda ne a Gwarinpa. Lokacin gine-gine sun ɓarke, kowa na son ƙofar ƙarfe, aiki har ya yi masa yawa. Mutum ne da zai yi addu'a ya kunna inji, ya wuni yana fito, ya dawo da ƙuna a hannu yana murna. Wannan natsuwar tasa ita ta fi ba ni haushi.

"Baban Kindness, Ubangiji na kiranka," na ce masa.

Ya ce, "To. Ni dai ban ji ba."

"Ina za ka ji, kunnenka cike da ƙarar inji?"

Wata huɗu na sa shi a gaba. Ni na karɓo fom ɗin makarantar Baibul, ni na cike. Har ya amince zai sayar wa maƙwabcinsa Surajo shagon da injinan ranar Asabar. Saura kawai takardar shaida daga limaminmu, Rabaran Nicholas. Ranar Juma'a da safe muka je ofishinsa, na zauna a gefe ina kaɗa ƙafa.

Rabaran ya ce, "Thaddeus, faɗa mini yadda kiran ya zo maka."

Na riga na koya masa abin da zai ce. Amma Thaddeus ya dubi hannayensa.

"Baba, ba zan yi ƙarya a nan ba. Ni in na haɗa ƙofa ta zauna daidai, raina fes, na san Allah ya gani. Wadda ba ta iya cin abinci ga ta nan."

Kunya da fushi suka taso mini tare. Na ce, "Baba, ƙyale shi, tsoro ne kawai. Ai matan can ba su da kowa." Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗi sunayensu, da inda muka tsaya a karatun, da yadda za a fara koya musu baƙaƙe kafin damina ta ɗauke su zuwa gona. Ban san na yi tsawon haka ba sai da na ga Rabaran ya ajiye biro.

"'Yata, wa ya gaya miki kiran nasa ne?"

Gaskiyar ita ce ni ce mai tsoron. Tsoron barin ofis nake, da fansho, da bakin dangi masu cewa mace ta bar gida ta tafi karatu. Ya fi mini sauƙi in bi bayan fasto da in ce ga ni.

Rabaran ya jawo sabon fom ya tura gabana. Na cike shi nan take, har na ɓata ranar haihuwata.

A tashar mota ban iya kallon Thaddeus ba. Can dai na daure na ce, "Da Baba bai tambaye ka ba fa? Da gobe ka sayar?"

"Da na sayar mana," ya ce, yana ɗaga wa bas hannu. "Ramewa kike yi a gabana, Maman Kindness. Ban san wani abin da zan yi miki ba."