Hijirar Inna Shatu Ta Biyu

Ana sallar la'asar harbin 'yan bindiga ya tashi daga bayan gonakin albasa, a ƙauyensu da ke gefen Kajiji. Atika ta rarumi tukunya da tabarma. Kakarta Inna Shatu, wadda ko miƙewa sai da sanda, ita ce ta tsaya tsakar gida tana ba da umarni.

"Aje tukunyar nan! Ɗauki ruwa da irin albasa. Ɗaure hannun ɗiyarki ga bakin zanenki, wanda anka saki ga hanya ba a sake ganin shi."

Ko rawa muryarta ba ta yi ba. Matan unguwa suka bi bayanta cikin dawa, ta hana su hawa hanyar babura, ta hana kuka. Ba a rasa ko yaro ɗaya ba.

*

A filin wata makaranta a Bodinga suka yada zango. Atika tana gasa wa Inna Shatu ƙafafunta da suka kumbura, ta kasa haƙuri.

"Inna, a ina kika koyi wannan duka?"

"Ina 'yar yarinya munka gudo daga Inugu, gab da yaƙin basasa. Babana shanu yake kaiwa can. Jirgin ƙasa anka sa mu, cunkushe kamar buhunan gero, amma da munka shigo Arewa, kowace tasha mutane na miƙo muna fura ta taga suna hawaye. Kakata kuwa, ranar da Nasara sunka ci Sakkwato da ƙafa sunka fita. Ta ce duk garin da sunka sauka, rumbu aka buɗe musu."

Atika ta tsura wa ƙafafun ido. Ashe tsohuwar da suke yi wa dariya in ta manta inda ta ajiye carbinta, duk wannan ke cikinta!

"To mu wa zai zo mana, Inna?"

"Za a zo. Ba a barin mutane haka."

*

Mako ya shuɗe. Mai gadin makarantar ya ce hutu ya ƙare, su nemi wani wuri. Kullum da hantsi Inna Shatu takan dogara sanda zuwa bakin titin Sakkwato. Duk motar da ta hango, sai ta miƙe ta gyara mayafinta. In ta wuce, ta koma bisa dutse ta zauna.