Kwana Ashirin da Takwas a Bahon Mama

Ƙarfe tara da rabi na safe, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, rana ta leƙo tana busar da tsakar gida, sai ga Auta ta fito daga ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, tana rawa babu kiɗa.

"Yau ashirin da takwas!" in ji ta. "Mama, yau ashirin da takwas!"

Mama tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba. "Ta me? Wata ko sha biyar bai yi ba."

"Ta 'ya'yana. Yau za a farfasa su."

"Ji wata magana. Allah ya shirye ki."

Auta ita ce ƙaramar gidan, tana aji uku a jami'a, tana karatun injiniyan gine-gine, irin masu yin gada da titi da bene. 'Ya'yan nata kuwa wasu dunƙulen kankare ne guda shida, masu kusurwa daidai wa daida, kowanne ya cika tafin hannu biyu. A makaranta kub suke ce musu. Ita da abokin aikinta Dogo suka kwaɓa su a ɗakin gwaji: uku da ruwa daidai awo, uku kuma suka cika musu ruwa da gangan, don a ga abin da yawan ruwa yake yi wa ƙarfin kankare. Tun suna ɗanye ta sa ƙusa ta zana lamba ɗaya a saman na farkon, lamba biyu a saman masu ruwan. Ƙa'ida ita ce su yi kwana ashirin da takwas cur a cikin ruwa, ranar da suka cika a sa su a injin matsa har su fashe, a rubuta nauyin da kowanne ya iya ɗauka.

To, sai tankin jiƙon makarantar ya tsage, aka ce kowa ya kwashi nasa ya san inda zai jiƙa. Da haka suka tare a babban bahon wankin Mama, a bayan ɗaki, Mama tana mita kullum.

Gwajin nan shi ne rabin makin darasin. In ya kuɓuce yau, sai dai a sake kwaɓi a sake jiran wata guda, zangon karatu kuwa saura mako biyu. Ke nan sai baɗi, a zauna aji ɗaya da ƙanne.

Ta durƙusa gaban bahon tana waƙa, ta zura hannu ta ɗauko na farko. Ta duba samansa. Sumul, kamar faranti. Ta juya shi, ta sake juyawa, har ta zagaye fuskokinsa shida. Babu lamba. Ta ɗauko na biyu. Ta ɗauko na uku. Waƙar ta tsaya cak.

"Kin gani ko?"

Baba ne tsaye a bayanta da kofin shayi, fuska cike da fara'a. Shekara talatin yana gini, kuma a unguwar nan babu bangon da ya yi wa filasta aka taɓa kira a gyara.

"Tun shekaranjiya nake jira ki gani," ya ce. "Na zo wanke hannu na ga bulullukan nan naki, sama duk kaushi, ga zane-zane kamar kaza ta bi ta kai. Na ce a'a. 'Yar magini guda ta kai wa manyan malamai wannan? Sai a ce ubanta wane ne? Na ɗan dama siminti na shafe su. Taɓa ki ji."

Auta ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Baba, zanen nan lamba ce."

"Lambar me?"

"Ita ce take nuna wanne ne wanne! Yanzu duk sun zama 'yan shida, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba a so, hawaye yana bin ta a baya. Mama ta leƙo ta gefen zanin da take shanyawa. "Ai na gaya maka, Malam, ka bar mata kayanta. Mutumin da ko tukunya ya gani da tsaga sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi."

Auta ta kira Dogo a waya. Ya saurara, sannan ya fashe da dariya har tana jin yana dukan wani abu.

"Filasta? Wallahi babanki ɗan duniya ne! To ke, samo ƙusa ki zana sababbi mana. In an fasa, mu ce masu ƙarfin su ne lamba ɗaya."

"Ka manta wa zai karɓa?"

Dogo ya daina dariya. Mai kula da ɗakin gwajin wani dattijo ne da ɗalibai suke kira Agogo, don ƙarfe sha biyu daidai yake rufe ƙofa ranar Asabar, ko da rabin jikinka yana ciki. Yau kuwa Asabar ce. Ba ya karɓar kub marar lamba, kuma kallo ɗaya yake yi ya gane zanen da aka yi a ɗanyen kankare da wanda aka ƙwaƙula jiya.

"Mun shiga uku," in ji Dogo. "Ki taho dai. Ni zan je in tsaya a bakin ƙofa in yi ta gaishe shi."

Baba duk yana ji. Ya ajiye kofin a hankali, ya shiga ɗaki ya fito da jakar kayan aikinsa. Bai kalli Auta ba. Ya ɗauki kub ɗaya, ya ɗora bakin cokalin gini a gefen shafen, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Wani ɓawo kamar farce ya ɓalle.

"Shafen kwana biyu ne a kan tsohon kankare," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bai kama ba tukuna. Zai fita. Amma sai an lallaɓa, in ba haka ba kusurwa ta tafi."

Ya yi ta bi, ɓawo bayan ɓawo, Auta tana tsugune tana riƙe numfashi. Bayan minti ashirin sai ga wani siririn layi ya bayyana, sabon siminti ya cike ramin ƙusar, launinsa ya fi na kewaye duhu. Lamba biyu ce, da 'yar wutsiyarta da Auta take ja.

Ta yi tsalle har takalmin ƙafarta ya tashi ya faɗa baho. Sai kuma ta yi lissafi: saura biyar, minti ashirin-ashirin, ga tafiyar awa guda. Ba zai yiwu a gida ba.

"A hanya za a yi," in ji Baba.

Maƙwabcinsu direban tifa ne, yana shirin fita ɗaukar yashi. Da ya ji labari sai da ya riƙe ƙofar motar don dariya, sannan ya ce su hau. Haka suka tafi su uku a gaba: Auta da bokitin kub a cinya, ruwa yana fallatsa mata duk inda aka ci birki, Baba da kub a tsakanin gwiwoyi yana ƙwanƙwasa, direba yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.

"A hankali, Direba!" in ji Baba.

"Yallaɓai, tifa ce, ba kujerar asibiti ba!"

Kafin ya fara na biyu, Baba ya buga masa guduma a gefe, ya kai kunne. "Wannan mai ruwa ne."

"Baba, jami'a ba ta karɓar kunne."

"Ita ta sani."

Da ɓawon ya fita, lamba biyu ce. Ya buga wa na gaba. "Wannan na kirki ne, ji yadda yake amsawa." Lamba ɗaya. Direba ya danna hon don murna, wani mai keke ya kusa faɗawa kwata. Auta ta so ta ci gaba da fushi, amma fushin ya ƙi zama, sai dariya take ta yi tana share ruwa daga fuska.

A ƙofar jami'a masu gadi suka tare su, suka ce yashi ta baya ake shiga da shi. Auta ta miƙo katinta ta taga, jiƙe sharkaf, ta ce ɗaliba ce za ta gwaji. Mai gadin ya dubi katin, ya dubi tifar, ya dubi dattijon da yake sassaƙar bulo a cinya, ya ɗaga ƙarfen ƙofar.

Sha ɗaya da kwata suka tsaya a gaban ɗakin gwaji, saura kub biyu ba a buɗe ba. Dogo ya rugo ya karɓi bokitin. "Sau tara na gaishe shi. Ya ce in na ƙara zai rage mini maki."

Agogo ya fito, gilashi a kan hanci. Ya ɗauki kub ɗaya daga cikin waɗanda aka buɗe, ya shafa lambar da babban yatsa, ya kai shi wajen haske.

"Wa ya yi wannan shafen?"

"Ni ne," in ji Baba, kai a ƙasa.

"Shekara ashirin ina nan, ban taɓa ganin an yi wa kub kwalliya ba." Ya sake shafawa. "Amma hannu ne. Lambar ta asali ce, na karɓa. Sauran biyun in ba su fito kafin sha biyu ba, ba ruwana."

Baba ya zauna a dakalin ƙofa ya ci gaba. A ciki aka fara. Agogo ya goge kub na farko, ya auna nauyinsa, ya kwantar da shi ta gefe a cikin injin, ya rufe ragar ƙarfe. Injin ya fara gurnani, lambobi suna hawa, Dogo yana karantawa da ƙarfi kamar mai gwanjo. Sai ƙas! Gefen kub ya zube. Auta ta yi ihu ta rubuta da ƙarfi har biron ya huda takarda.

Sun fasa huɗu, Baba ya miƙo na biyar. Saura minti ashirin da biyar. Na shidan ne ya yi gardama, don a kansa Baba ya fi zuba gwaninta, shafen ya kama sosai. Auta tana tsaye a kansa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Baba, saura goma."

"Kin tare mini haske."

"Saura bakwai!"

"Na ce mai ruwa ne."

"Baba, lambar nake so!"

Ya hura ƙurar, ya tofa ɗan yawu ya goge da yatsa. Wutsiyar lamba biyu ta leƙo. Dogo ya fizge shi ya ruga, saura minti huɗu aka ji ƙas na ƙarshe.

Agogo ya jera sakamakon. Masu lamba ɗaya duk sun haura abin da ake nema, masu ruwan sun faɗi ƙasa sosai, kamar yadda littafi ya ce. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Dogo ya ɗaga takardar sama yana zagaya injin, Auta tana biye da shi, siket yana ɗigar ruwa, su biyun suna ihu kamar an ce an yaye su yau.

Baba ya shigo yana kallon tarkacen. Ya tsinci ɓallin mai ruwa ya murje shi a yatsa. "Ashe haka yake cin ƙarfinsa. Mu kuwa in kwaɓi ya yi tauri sai mu ce a ƙaro ruwa, ya fi daɗin zubi."

"Daɗin zubi, wahalar gini," in ji Agogo yana neman makulli. "Amma ta yaya ka gane su da guduma? Yarinyar nan ta ce ba ka kuskure ko ɗaya ba."

Nan fa hira ta ɓarke. Agogo ya kulle ƙofa, suka gangara matakala tare, Baba yana kwatanta amon kankare da baki, ɗayan yana musu. Auta ta biyo su a baya. Sai ta lura yadda Baba yake tafiya a karkace, awa biyu ya yi a sunkuye, ga jakar ƙarafa tana jan kafaɗarsa. Ta matsa ta zare igiyar a hankali ta rataya a tata. Baba ya ɗan ɗaga hannu ya ba ta hanya, bai juyo ba, yana ta ce wa Agogo, "A'a, wancan ƙwal yake cewa, mai ruwan kuwa ɗif."