Parabol a Wuyan Duna

Nomau na durƙushe a gindin rumbu yana jan ƙafafun Duna na baya, karen na kuka, mazurarin robar da ke wuyansa ya maƙale tsakanin duwatsun da aka ɗora rumbun a kai. Da ƙyar ya zaro shi. Ya kwantar da shi ya duba cikinsa. Ɗinkin na nan, bai ɓalle ba.

Sa ne ya soki Duna ranar da ya kori garken wani makiyayi daga gonar waken Nomau. A bakin gonar nan karen ya tsufa yana gadi, don haka Nomau bai iya barinsa ya mutu ba, ya ɗora shi a amalanke har garin Agiye. Likitar dabbobi, wata budurwa mai suna Nazira, ta ɗinke cikin, ta ɗaura masa wannan abu mai kama da bokiti marar gindi. Ta ce kada a cire sai ta gani, in ba haka ba zai tsinke zaren da haƙora.

"Malam, yau sai ka zaɓa," in ji matarsa Habi, ta dire ƙwaryar ƙullun ƙosai a gabansa. "Ko sana'ata ko parabol ɗin nan. Shaƙa ka ji, ya yi tsami."

Sale mai gyaran radiyo ne ya jawo wannan. Ranar da aka dawo da Duna, ya dube shi ya ce ai parabol ce, irin faifan nan na kama tashoshi, aka liƙa masa, duk abin da aka faɗa kusa da shi a buro, ofishin hukuma, ake ji. Aka yi dariya. Washegari ba wanda ya yi dariya. In Duna ya doshi rijiya sai mata su yi tsit. Ga shi kuma ba inda yake son kwanciya irin gefen kaskon Habi a ƙofar gida. Masu sayen ƙosai suka ɗauke ƙafa. Kande ma, aminiyarta tun ƙuruciya, daga nesa take ɗaga mata hannu.

Nomau ya je wurin Sale ya ce ya fito ya ƙaryata kansa. Sale ya leƙa bayan Nomau ko karen ya biyo shi, sannan ya rage murya.

"Da wasa na faɗa, wallahi. Amma na kwana ina tunani. Ka dubi siffarta da kyau. Wa ya sani?"

Da hantsi mai gari Dalhatu ya aika a kira Nomau gindin gawo, da sharaɗin ya ɗaure karen a gida. Mai gari ya ce gari ya kasa numfashi, ko faɗan miji da mata an daina yi da ƙarfi. Wani mahauci mai suna Chindo ya ce shi bai ce zai yi ba, amma akwai masu cewa ɗan nama da guba zai raba gardama.

Maganar nan ce ta sa Nomau ya tsayar da kabu-kabu a bakin hanya, ya rungume Duna a cinya. Ɗan kabu-kabun ya daɗe yana kallon robar. Ya kwance hular kwanon da ke rataye ta yi ƙura ya saka, kada a kai rahotonsa buro, suka kama hanyar Agiye.

Nazira ta danna gefen ɗinkin, Duna ya yi ƙara.

"Baba, ciki bai kama ba tukuna. In na cire yau, gobe hanjinsa za ka kwaso min."

Nomau ya zauna a benci ya zayyana mata komai: Sale, rijiya, ƙullun da ya yi tsami, wanda ya ce kaza a gindin gawo. Ta yi ta dariya har tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ba ni lambar mai garin, in yi masa bayani da kaina."

Ta kira, ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, Nazira ce daga buron dabbobi na Agiye. Duk abin da kuka tattauna yau a gindin gawo ya iso gare ni, har maganar gubar da Chindo ya yi. Karen nan a hannunmu yake, kada wanda ya taɓa shi. Ita kuwa robar da ke wuyansa…"

Sai reso ya ɗauke, kiran ya katse. Ta sake kira, salular mai gari a kashe.

"To, ai ya ji rabi," ta ce. "Sai ka ƙarasa masa."

Bayan la'asar suka sauka. Nomau ya hango taro a ƙofar gidansa, ya zaci rasuwa aka yi. Ashe tabarma aka shimfiɗa gefen kaskon Habi, sabuwa fil, ba kowa a kanta. Duna ya wuce ya kwanta.

Nomau ya ɗaga hannu. Ya ce jama'a su saurara, roba ce kawai, don kada kare ya lashi ciwo. Ya ce shi da bakinsa ya kai wa likita labarin gindin gawo. Mai gari ya gyaɗa kai cikin tausayi.

"Mun gane, Nomau. An ce ka faɗi haka. Ba mu ga laifinka ba."

Ya tattara rigarsa ya tsuguna gaban karen, ya yi sallama, ya ce famfon gari ya lalace tun kafin damina, a taimaka. Kande ta biyo baya da batun rufin lakol, makarantar yara, da iska ta yaye. Chindo ya kawo ƙashin cinya da sauran nama a jiki, ya ce a shaida shi mutum ne mai raha. Kowa kafin ya tsuguna sai ya sayi ƙosai, don ba a zuwa gaban manya hannu rabbana. Duna ya ci, ya yi hamma a fuskar mai gari, ya yi barci.

Habi na juya ƙosai, gumi na zuba, an riga an aika a markaɗo wani waken.

"Malam, yaushe likita ta ce za a cire?"

"Sai ciki ya kama."

"To, kada ka matsa mata. Ciwon ciki ba ya son gaggawa."

Da aka kira magariba taron ya watse. Nomau ya kawo ruwa a kwano, ya karkata shi cikin mazurarin yadda bakin Duna zai kai. Karen ya sha, yana kaɗa wutsiya a hankali. Nomau ya share masa ruwan da ya taru a robar da bakin rigarsa. Ya miƙe zai tafi alwala, sai ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ba kowa. Ya sake sunkuyawa.

"Takin zamani ya yi tsada bana," ya ce a hankali. "In da hali, a duba."