Vilmos Ya Ƙi Faɗuwa

Duk Budapest babu wanda ya iya mutuwa kamar Vilmos Bodnár. A zamanin fim marar magana an harbe shi, an soke shi, an ba shi guba, kuma kullum sai mata sun fito daga silima da jajayen idanu. Duk shekarun nan abokinsa Dezső ne darakta, yana gefen kyamara yana daka masa tsawa: dafe ƙirji, dubi sama, to yanzu faɗi.

Da fim ya fara magana sai aka manta da Vilmos. Dezső ya yi ta yi wa Lantos mai kamfani naci har ya yarda da ƙyar a saka Vilmos a sabon fim. Fitowa ɗaya ce, kuma in tsohon ya ɓata musu aiki, shi da fim har abada.

"Ka dai ji, ɗan'uwa," in ji Dezső. "Na'urar ɗaukar muryar nan da ke rataye a sama, ko tari na yi sai ta ɗauka. Ba zan ce uffan ba. Kana jin ƙarar bindiga ka faɗi. Ko akuya za ta iya."

"Yau kuma ni za ka koya wa mutuwa?" in ji Vilmos, yana murza gashin baki.

Aka harba. Vilmos ya dafe ƙirji, ya dubi sama, ya tsaya ƙiƙam. Aka sake, bai motsa ba. Takaici ya ishi Dezső. Ya yi nuni da hannu, ya yi jifa da hula, har kwanciya ya yi a ƙasa da furfurarsa, duk a banza, don gogan naka rufin ɗaki yake kallo. Lantos kuwa sai tauna sigari yake yi.

A karo na uku saurayin da ke riƙe da bindigar ya gaji, ya ce a hankali, "Kawu Vilmos, ka mutu mana." Na'urar ta ɗauki maganar tsaf. Lantos ya miƙe, ya ce a nuna wa tsohon ƙofa.

Dezső ya cim masa a ɗakin kwalliya.

"Na zubar da mutuncina saboda kai. Me kake jira, don Allah?"

Vilmos ya ci gaba da goge hoda daga fuskarsa, bai juyo ba.

"Kai nake jira, Dezső. Ban taɓa mutuwa ni kaɗai ba."