Masuncin da Kifi Bai Sani Ba

Duane Halvorsen ya rasu yana da shekara hamsin da biyu, zuciya ce ta tsaya masa yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Wasiyyarsa ɗaya ce: in an ƙone gawarsa, a zuba tokar a tafkin da yake kamun kifi duk hunturu.

Matarsa Marlys ta ce to, amma a ranta cewa ta yi sai yanzu kifin tafkin nan za su san kamanninsa. Shekara ashirin da huɗu bawan Allah yana huda ƙanƙarar da ke rufe saman tafkin, ya zauna kan bokiti da ƙugiya, bai taɓa kama ko na magani ba. A kanti yake saye. Ta gano shi tun ranar da ya shigo yana hura hanci da kifin teku, alhali daga jiharsu ta Minnesota a Amurka zuwa teku tafiyar kwana biyu ce a mota. Ba ta taɓa tona shi ba. Soyawa take yi, ta tambaye shi ko wannan ya ba shi wahala, shi kuma ya gyara zama ya shararo ƙarya. Tana son wannan ƙaryar fiye da gaskiyar mutane da yawa.

Tsoronta yanzu kada 'yarsu Kirsten ta ji. Yarinyar ta girma tana fahariya da ubanta, kuma Arlen, ƙanen marigayin, bakinsa ba ya riƙe magana. Marlys ta ja masa kunne tun a gida.

Da suka isa tafkin, Arlen ya huda rami a ƙanƙara, Kirsten ta yi jawabi kan gwanin masunta, aka zuba toka. Tokar ta ƙi nutsewa, ta tsaya tana yawo a bakin rami.

"Ko a mace ba sa son sa," in ji Arlen. Marlys ta take masa ƙafa iya ƙarfinta.

A hanyar gida Kirsten ce ke tuƙi, daga ita sai uwar. Kawai sai ta karya kan mota, ta tsaya a ƙofar kantin kifi.

"Mama, wane iri za mu kama yau?"

Ashe tun tana shekara bakwai ta sani. In uban ya ɗauko ta daga wasan hoki nan suke biyowa, ita ce ma mai cire wa kifin takardar kanti. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba, wai uwarta ta ɗauke shi babban masunci, kada a karya mata zuciya.

Marlys ta yi dariya har da dukan gwiwa, tana zaginsa da sunansa. Suka sayi babba guda, Kirsten ta cire takardar.

A gida Marlys ta soya, ta ɗora a tebur. Bakinta ya riga ta: "Wannan ya ba ka wahala?"

Babu wanda ya gyara zama. A nan ne kukan da ta riƙe tun ranar rasuwar ya ƙwace mata.