Fiton da ke Cikin Amfilifayar Yaya

Tun suna yara aka raba musu baiwa. Yaya ya samu kunne, ƙanensa ya samu hannu. Yaya ya tashi makaɗin jita, ƙanen kuma ya buɗe shagon gyaran rediyo da kayan sauti a wani lungu bayan tashar mota, inda kowa ke ce masa Injiniya, ko da yake babu makarantar da ta taɓa ba shi wannan suna. Abin da ya haɗa sana'o'insu biyu ita ce amfilifayar Yaya, akwatin ƙara wa jita murya, wata tsohuwa mai nauyin tsiya, irin ta da, mai kwalaben gilashi a ciki da masu gyara ke kira bawul. Sai sun yi ɗumi sun yi ja kamar garwashi kafin ta yarda ta yi magana. Yaya ya ƙi ta zamani ƙememe, wai muryarta ba jini a jika.

A wannan shago kunnen Yaya doka ne. Sau da yawa yakan ce akwai abin da ke kuka ta gefen hagu, Injiniya ya sa mita ya ga komai lafiya lau, bayan 'yan kwanaki abu ya ƙone daidai inda aka nuna. Tun yana musu har ya gaji ya bari. In Yaya ya ce akwai, to akwai, sai dai a nemo.

Wata safiya Yaya ya shigo da amfilifayar yana haki, ya dire ta kan tebur, ya ce ta fara wani fito siriri da ke hana shi jin kansa in yana kiɗa. Aka jona ta, aka jira ta yi ɗumi. Yaya ya zauna kan benci ya ba teburin baya, ya rufe ido, ya karkata kai, don haka yake sauraro tun fil'azal.

"Ga shi nan. Ka ji shi?"

Injiniya ya kasa kunne. Ya ji ɗan hucin da kowace amfilifaya mai bawul ke yi, ya ji fankar sama, ya ji mai walda can ƙarshen lungu. Fito kam bai ji ba. Ya tuna maigidansa da ya koya masa aiki, wanda jarraba lasifika ta cinye wa kunne, siraran sautuka suka fara gudunsa, har ya ƙare yana sayar da batir a ƙofar shagon wani. Ya kuma tuna 'yarsa ta sha ce masa ya rage talabijin. Mai gyaran sauti da ba ya ji, wa zai sake kawo masa ko da rediyon aljihu?

"Na ji," in ji shi. "Siriri ne sosai."

Ƙaryar ke nan, ba ta fi haka tsawo ba. Ya yi ta ne don tsoro, kuma tsoron na kansa ne kawai, Yaya bai ko faɗo masa a rai ba.

Ya duƙufa aiki da hannu tunda kunne ya ci amanarsa. Ya san kowace ƙara da gidanta. In gurnani ne mai kauri, kafasitocin da ke tace wuta sun tsufa, ko wayar da ke kai rarar wuta ƙasa ta saki. In ƙaraf-ƙaraf ne, datti ne a mazaunin bawul. In huci ya yi yawa, wata 'yar resista ce ta gaji da duniya. Fito kuwa yawanci bawul ne ya saki a ciki, yake ɗaukar girgiza yana maida ita kuka. Ya ɗauki tsinken katako yana ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na hagu a aljihu kamar yadda aka koya masa, don wutar da ke cikin irin wannan akwati ba ta san ɗan'uwan kowa ba. Na farkon ya ɗan amsa, ya canza shi. Yaya ya zo ya rufe ido ya ce yana nan.

Ya wanke mazaunan bawul. Ya sake narka dalma a duk mahaɗar da ta dusashe. Ya canza kafasitocin da babu ruwansu. Ya raba wayoyin da suka matsi juna, ya kashe doguwar fitilar shagon, ya cire cajar waya daga bango, har ya je ya roƙi mai walda ya ɗan dakata, mai walda ya dakata yana masa kallon wanda ya fara taɓuwa. Duk ranar da Yaya ya zo, hukuncin ɗaya ne. Injiniya kuma ya gyaɗa kai ya ce lallai da saura, ya koma gida bakinsa ɗaci, ya shige banɗaki yana murza yatsu kusa da kunnensa ko zai gane wanne ne ya fara mutuwa.

Ana cikin haka matar Yaya ta biyo ta shagon. Da can in ta zo sai ta tsokane shi, ta ce gwanin gyaran kayan mutane ga fankar gidansa tana tari. Ranar nan ba ta da bakin wasa. Ta ce Yayansa ya sa ta kashe firiji, wai shi ma ya koyi fito. Ta ce in ta yi masa magana ta dama sai ya juyo da fuska gaba ɗaya. Ta ce shugaban ƙungiyar kiɗan da Yaya ke ciki ya fara gunagunin cewa Yaya na ƙure murya yana danne kowa, ɗaurin igiyoyin jitarsa kuma ba ya zama daidai, har an kawo wani sabon makaɗi wai don ya riƙa taimaka masa. Kowa ya san ma'anar irin wannan taimako.

"Na yi na yi mu je asibiti ya ƙi," ta ce. "Wai amfilifayar ce ta huda masa kai, shi ya sa ƙarar ke biyo shi gida. Ya ce ai kai ma kana ji. Kana ji ɗin?"

Nan ya kamata ya buɗe baki. Amma ga mutane biyu zaune a benci suna jiran rediyonsu, kunnuwansu a miƙe. Ya ɗauki sukundireba yana juya ta a hannu, ya ce mata kada ta damu, tsofaffin amfilifayoyi haka suke, ya kusa kama ɓarawon. Shi a ransa ma bai ɗauki zancen firijin da muhimmanci ba. Mutum in ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ko an kawo masa shaidar wanke shi ba ya dubawa. Ta tafi da ɗan sauƙi a fuskarta, ta kuma daina maganar asibiti.

Makonni suka shuɗe. Yaya ya rame, ya rage dariya. Ran nan ya zo ya ce an gaya masa in bai gyara kayansa ba kafin wasan da za su yi a babban ɗakin taro, to ya huta a gida. Bai ce komai game da abinci ko haya ba. Cewa ya yi shi bai san me mutum ke yi da yatsunsa ba in ba ya kiɗa.

Injiniya ya ce to yau za a yi ta ta ƙare. Akwai hanyar da ba ta ƙarya, sai dai tana buƙatar mai sauraro, shi ya sa ya yi ta kauce mata. Sauti yana shiga ta bawul na farko ya bi su a jere har ya fita ta lasifika. In ka cire na farko ƙarar ta ɗauke, laifin yana wurinsa ko kafinsa. In ba ta ɗauke ba, ka matsa gaba. Ya ja ƙofar shagon, ya kashe fanka, ya ce wa Yaya shi zai riƙa cirewa, Yaya ya riƙa faɗa, wai hankalinsa zai rabu in ya haɗa biyu.

Yaya ya zauna ya ba da baya, ya rufe ido. Injiniya ya zare wayar jita, ya tambaye shi. Yana nan. Ya kashe, ya naɗe hannu da tsumma ya cire bawul na farko, ya kunna. Yana nan. Ya cire na biyu, haka. Wuraren da laifi zai iya ɓuya sun fara ƙarewa. Ya kashe, ya cire na gaba, ya ajiye shi kan tsumma, ya tambaya.

"Yana nan," in ji Yaya.

Injiniya ya kai hannu zai kashe, sai ya tarar maɓallin a kashe yake. Ya manta bai kunna ba. 'Yar jar fitilar gaba a mace take. Ya tsaya yana kallonta. A hankali ya sunkuya ya zare filogin daga bango, ya jira har sauran kwalaben suka dusashe.

"Yanzu fa, Yaya?"

"Ya ma fi fitowa. Kana kusa da shi, ci gaba."

Abin da ya fara zo wa Injiniya daɗi ne, kuma har ya mutu ba zai yafe wa kansa wannan ba. Kunnensa lafiya lau, shagonsa na nan. Daɗin bai kai ƙiftawar ido ba baƙin ciki ya rufe shi. Ya dubi ƙeyar Yayansa da furfura ta cinye, da kan nan a karkace yana jiran a kama masa ɓarawo, ya tuna matar da ya sallama da daɗin baki. Ya so ya maida filogin ya ce sai gobe, amma ya ci gaba da riƙe shi a hannu.

Yaya ya buɗe ido ya waiwayo. Ya ga kwalaben a jere kan tsumma, ya ga filogin a hannun ƙanensa. Shi ba mai gyara ba ne, amma ya yi shekaru a wannan benci, ya san abin da akwati marar wuta ke iya yi. Ya ɗaga yatsa ya toshe kunnen dama, ya saurara, ya cire. Ya toshe na hagu. Sannan ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa yana kallonsu.

Injiniya ya fara magana a ruɗe. Ya ce za su je asibiti gobe da sassafe, shi zai kai shi, yanzu akwai magunguna, akwai na'urori, irin wannan abu in an tare shi da wuri ana dacewa. Da ya ji bakinsa ya furta "da wuri" sai ya tuna makonnin da ƙaryarsa ta cinye.

Yaya bai ɗaga murya ba. Tambaya ya yi, irin ta mai son ya fahimta.

"To kai, duk tsawon kwanakin nan, me kake ji?"

"Ba komai, Yaya."

Yaya ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya matso da kunnen hagu.

"Me ka ce?"

Dole Injiniya ya sake faɗa da ƙarfi.