Tsaga a Gindin Silinda ta Uku

Ana cewa ƙarfe ba ya ƙarya. Yana yi kuwa, sai dai Gwaggo ta san yadda ake sa shi ya amsa laifinsa.

Kwana huɗu ta yi a kan bulok ɗin injin motar tsere da aka kawo shagonta. Ta faɗaɗa ramukan silinda huɗu da ke jikinsa, tana cire ƙarfen da bai kai kaurin gashi ba, ta goge cikinsu har suka yi sheƙi. Da safen nan, kafin ta miƙa aiki, ta yi masa abin da take yi wa kowane bulok: ta jiƙa shi da kananzir, ta share tas, ta shafe shi da alli, ta ƙwanƙwasa. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya tona asiri. A gindin silinda ta uku, wani siririn layi ya jiƙa allin.

Wanda zai tuƙa motar jibi kuwa Walƙiya ne, ɗan ƙaninta da ta goya.

Da hantsi suka zo shi da Mai Mota, ƙato mai zobba a yatsu. Ta nuna musu layin.

"Wannan zanen?" in ji Mai Mota. "Gwaggo, tsufa ya fara nuna miki aljanu."

"Aljanin nan, in mota ta ɗauki gudu, zai fasa bulok ya zubar da baƙin mai a ƙarƙashin taya. Kai kana rumfa kana shan iska. Ɗana ke ciki."

"Haba Gwaggo," Walƙiya ya ce, "shekara biyu ina jiran tseren nan. Zagaye goma ne kacal."

"Rufe min baki, ja'iri. Ni na wanke maka kashi."

Mai Mota ya tashi ɗauke kayansa. Ya ɗaura wa bulok ɗin sarƙar ɗaga kaya, ya ja har ya yi sama daidai ƙirji. Gwaggo ta damƙe sarƙar da hannun dama.

"Saki."

"Ba zan saki ba."

Ya ɗauke ta da mari, zobensa ya tsaga mata leɓe. Ba ta saki ba. Ya rarumi babbar sifana daga kan benci ya sauke a kan yatsunta. Ƙarar da ta ji kamar an taka busasshen kara. Ya ƙara.

Masu cewa babba juji ne, ya shanye komai, ba a taɓa karya musu yatsu ba.

Walƙiya ya yi kukan kura ya sa wa ƙaton kai a ciki. Suka zube cikin ɓarɓashin ƙarfe, ƙaton ya hau ruwan cikinsa yana kirɓa masa naushi, jini na tsartuwa a siminti. Ba wanda ya kalli Gwaggo. Ta lallaɓa, ta kai hannun hagu, ta zare ƙusar da ke riƙe da sarƙar.

Bulok ɗin ya faɗo a kan uwar maƙera. Shagon ya girgiza. Aikin kwana huɗu ya dare biyu, daidai kan layin allin.

Faɗan ya tsaya cak. Cikin tsagar baƙi ne wuluk da tsohuwar tsatsa, saura ɗan farin ƙarfe kamar faɗin farce da ke riƙe da shi.

Mai Mota ya daɗe yana kallo. Ya tofar da yawu, ya fice.

Gwaggo ta dubi hannunta. Yatsu uku sun karkace inda ba gaɓa. Su ne masu jin kaurin gashi a jikin ƙarfe, kuma ta san ba za su sake ji ba.

Walƙiya ya rarrafo, hanci a fashe. "Gwaggo, hannunki..."

"Na gani, ai ba makauniya ba ce. Tashi ka kai ni asibiti." Ta naɗe hannun da tsumman kananzir. "Kuma wallahi a hankali za ka tuƙa."